Shagon da ke haɗa kayan azumi ya kai wa mabuƙata a Damagaram, ga yadda na same su

Akwai wani shagon sari ta wajen kasuwar Dole da ya ɓullo da wani tsari, ka biya kuɗi su haɗa kayan abinci su kai gidajen mutanen da ba ka sani ba su ma ba su san ka ba, tun daga farkon azumi har jajibirin sallah. Bana mun yi aiki da su ni da yayana da ke Yamai, shi ya turo nasa na ɗora ɗan nawa a kai, kuma da na ga wasu na ta yabon su kamar ba su da aibi ko ɗaya wasu kuma na cewa ai duk cin kuɗin jama'a ne alhali ba su taɓa taka ƙafa shagon ba, sai na ce bari in faɗi abin da idona ya gani. Sunan shagon dai ba zan rubuta ba, saboda akwai inda zan soke su, kuma Alhajin mai wurin dattijon kirki ne ban son a je a tsaya masa a kai ana nuna shi da baki.

Ƙunshi biyu gare su. Ƙarami jikka 10 (jikka ɗaya sefa dubu ce), a ciki akwai hatsi tiya 4, shinkafa kilo 5, sukari, mai litar 1, makaroni da ɗan dabino a leda. Babba jikka 25, shi ne mai buhun shinkafa na kilo 25 da bidon mai na litar 5, ga sukari ga hatsi ga tumatirin gwangwani da magi da ganyen shayi da madarar gari. Ban da su akwai na fidda kai da ake aunawa gwargwadon yawan mutanen gidanka, akwai kuma ɗinkin sallah na marayu. Kuɗin kaiwa daban yake, dala ɗari kowane gida in cikin gari ne, in an fita baya-baya sai yadda kuka daidaita. Kana iya biya hannu da hannu, na nesa kuma su turo ta Nita ko Amana ko Al Izza, su ba ka resu mai hatimi da nimero a kai. Na zagaya wasu shaguna na tambayi kayan ɗaiɗai na haɗa lissafi, wallahi bambancin bai kai abin magana ba, ba su ɗora wata riba ta fitar hankali ba don sun ji an ce sadaka ce. Kuma kowa ya san yadda shinkafa da mai suka yi da mu tun da aka rufe iyakoki a 2023 lokacin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, mu da yawancin kayanmu ta Kano suke shigowa ta Matamaye da Magarya, an ɗage takunkumin a farkon 2024 amma hanyar Benin ba ta koma yadda take ba, to duk wanda ya riƙe farashi daidai a irin wannan lokaci ya cancanci a faɗa.

Hatsin mai kyau ne, sabo, ba ƙasa ba tsakuwa, na sa hannu har ƙasan buhu na ɗebo, kuma tiyar cike suke yin ta har tana zuba ba irin awon nan na shafe baki ba. Shinkafar mai karye-karye ce amma ba ta wari. Man girkin lafiya lau. Dabinon ne kawai abin kunya, busasshe ƙamas, ka ɓare ɗaya sai gari da ƙwaro, a garin da dabinon Aljeriya da na Kawar ke cika kasuwa duk azumi ban ga dalilin da zai sa a ba mai azumi wannan ya buɗe baki da shi ba. Na faɗa wa yaron shago ya ce ragowar kwali ne za a canza, daga baya na leƙa na ga sun canza ɗin.

Amma gaskiya ba shinkafa ce ta kai ni wurin ba, shinkafa ai ko ina akwai ta. Abin da kake biya a wannan shago shi ne kayen nan da ke cikin durowar Alhaji, wanda aka rubuta gidaje a ciki unguwa-unguwa. Duk wanda ya taɓa fitowa da niyyar sadaka ya san matsalar, kana riƙe da kaya amma wa za ka ba? Sai ka ga kullum wuri ɗaya take zuwa, waɗanda ke zaune bakin masallacin Juma'a, almajiran da ke sallama a ƙofa, sai dangin da ka saba ba, kuma ba wai su ba su buƙata ba ne, suna buƙata, sai dai su kowa na ganin su, mutum goma za su ba su a rana guda. Akwai wasu kuma da ko yunwa za ta kashe su ba za su fito ba, matar da za ta ɗora tukunya da ruwa zalla don kar maƙwabta su gane ba a girki a gidan, dattijon da zai sa farar rigarsa wankakkiya ya je tarawihi ya dawo ya kwanta da kunun da ya sha tun magariba. Su ne aya ta 273 a Suratul Baƙara ke magana a kansu, waɗanda wanda bai sani ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kai. Ni da ke fita aiki da safe in dawo da yamma ina zan san su? Balle yayana da ke can Yamai kusan kilomita 900 daga nan.

Yadda suke haɗa sunayen ya burge ni. Ba mai unguwa kaɗai suke tambaya ba, suna tambayar liman, sannan a kowace unguwa akwai dattijuwa ɗaya ko biyu da suke jin ta bakinsu, irin ungozoma ko mai wankan gawa, waɗanda ke shiga har ƙuryar ɗaki su ga abin da namiji ba zai taɓa gani daga zaure ba. Sai suna ya fito daga baki biyu kafin a rubuta. Na duba kayen (ya rufe sunayen da hannu ya bar ni in ga bayanin gefe kawai, wannan ma na ji daɗinsa) na ga irin mutanen da ke ciki: gwauruwa mai yara biyar a Garin Malam, matar da mijinta ya tafi Libiya ko Jado neman zinariya shiru ba waya ba saƙo, tsofaffi a Kara-kara da ciwo ya ci musu yatsu ba sa iya wata sana'a, da gidajen da daminar 2024 ta rushe, shekarar nan da ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni a watan Satumba, wasunsu har yanzu a zauren wani suke raɓe ko cikin rumfar zana. Ba zan ce ba a taɓa cusa ɗan uwa a ciki ba, mutum ne ke rubutawa. Akwai gida ɗaya da muka shiga na hango firigo da tasar telebijin a saman ɗaki na ɗan yi jim, yaron ya ce min mai gidan ne ya rasu bara, firigon ma ba kuran (wutar lantarki) a jikinsa kwanuka ake ajiyewa ciki. To ka ga.

Na roƙa a bar ni in bi su rabo, suka ce ba damuwa in dai ba zan ce ni ne ba. Da adaidaita suke fita, yaro ɗaya da mai tuƙi, kuma yawanci bayan tarawihi, wanda ya fi min rabon rana nesa ba kusa ba don da rana yaran unguwa za su bi adaidaitar a guje kowa ya san gidan da aka sauke. Yaron yana da ladabi, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama sau uku, tsohuwa ta fito da tocila, ya durƙusa ya ce Inna saƙo ne aka ba mu mu kawo miki, ta ce ɗan nan daga wa, ya ce wani bawan Allah ne bai faɗi suna ba. Ta riƙe bakin buhun ta fara addu'a, ta yi wa wanda ya bayar ta yi wa iyayensa ta yi wa mai adaidaita har da ni da take ɗauka ɗan dako ne. Har nan komai ya tafi yadda nake so.

Sai yaron ya zaro waya ya kunna fitila ya ce Inna ki ɗan tsaya kusa da kayan in ɗauke ki hoto. Matar nan ta ja hijabi ta rufe rabin fuska ta juya gefe, ya ce Inna ki ɗan buɗe fuskar mai kuɗin yana son ya gani. Kai jama'a. Raina ya ɓaci sosai, na ja shi gefe na ce ƙanena mayar da wayar nan aljihu, wannan gidan ba hoto, ya ce Malam ai doka ce in ban kai hoto ba Alhaji zai ce ban kai kaya ba, na ce ni zan yi wa Alhaji bayani. Ba laifinsa ba ne, abin da aka sa shi ke nan. Amma ka duba fa, an sha wahala an nemo matar da duk rayuwarta ta ƙi miƙa hannu, an zo da dare don a rufa mata asiri, an ɓoye sunan mai bayarwa, sannan a ƙarshe a haska mata fitila a fuska a tura wa wanda ba ta sani ba. Shi an sakaya shi, ita an tone ta. Kuma ba ta da bakin ƙi, buhu na gabanta jikoki na ɗaki suna leƙowa, me za ta ce?

Washegari na samu Alhaji a shago na faɗa masa, kuma ya ba ni amsar da ba zan ce ba ta da tushe ba. Ya ce Malam kai kana gari ka bi mu ka gani, amma yawancin masu turo kuɗin nan suna Faransa suna Abijan suna Libiya, an sha cinye musu kuɗi da sunan gini da sunan sadaka har 'yan uwansu na jini sun yi musu, in ban tura hoto ba gobe a ce Alhaji ya ci kuɗin marayu, ni da na yi shekaru ina gina sunana a kasuwar nan. Na ce Alhaji gaskiya ne, amma ka san inda hotunan ke ƙarewa? Ya yi shiru don ya sani. Suna ƙarewa a WhatsApp da Facebook, wani ya ɗora ya rubuta Alhamdulillah mun ciyar da gida kaza, kuma Damagaram ba wani babban gari ba ne da za a ce ba mai gane kowa, daga Zango zuwa Birni zuwa Sabon Gari hoto ɗaya kafin la'asar ya zagaya, yaro ya je lakwal a ce masa mun ga kakarka da buhu. Aya ta 264 a Baƙara ɗin dai ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, ni ba malami ba ne amma in wannan ba cutarwa ba ce ban ga me za a kira ta ba. Na ba shi shawara a ɗauki hoton kayan a bakin ƙofa ba mutum, ko a sa liman ya sa hannu a resu, ko mai karɓa ta dangwala yatsa a kaye, duk shaida ce. Ya ce to Malam in ka ce ba hoto ba hoto, amma kar ka dawo ka ce min ina shaida. Ya rubuta a gefen resun namu da jan biki, kuma sauran gidajen namu ba a ɗauki kowa ba, na tambayi mai adaidaitar daban ya tabbatar min. Sai dai ku sani, in ba ka buɗe baki ka faɗa ba ɗauka za su yi, haka tsarin yake har yanzu. Yayana ma da farko sai da ya ce to ni ya zan gani, na ce yaya in hoto kake so in ɗauko maka na buhunan a shago su goma sha a jere, ya yi dariya ya bar maganar.

Akwai kuma takardar talla da suke mannawa a jikin buhu mai sunan shago da nimeron waya ƙato-ƙato, ita ma na sa an ɓanɓare.

Abu na biyu da ya tsaya min shi ne yadda aka tsara ƙunshin, ka ga alama wanda ya zauna ya lissafa kayan daga madafin gidan mai hali ya lissafa. A wani gida bayan an sauke babban ƙunshi matar ta yi godiya ta yi godiya, har mun juya sai ta kira yaron a hankali ta ce ɗana ba ɗan na gawayi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shinkafa kilo 25 ba ta dafa kanta, tana son itace ko gawayi, tana son ɗan albasa da tattasai, hatsi na son kuɗin niƙa, kuma uwa uba ruwa, wanda duk ɗan garin nan ya san yadda muke da shi in zafi ya shigo, unguwannin gefe sai an saya wurin 'yan ga-ruwa bido-bido. Matatar man fetur ta SORAZ na nan kan hanyar Tanut tun 2011 tana fitar da gaz, amma wadda ke neman na kunu ina ta ga kuɗin sayen tukunyar gaz tun farko. Da ni ne da an cire ganyen shayi da madarar nan an sa jikka 1 ko 2 a ambulan. Na kawo maganar, Alhaji ya ce ba ya son ba yara tsabar kuɗi su fita da su da dare, buhu ba ya shiga aljihu amma jikka na shiga, kuma na fahimce shi. To ko gawayin ne ai sai a ɗaura a leda a haɗa. Mu dai na canzo 'yan jikka-jikka na ba dattijuwar unguwar ta bi gidajen da safe ta miƙa. Wanda zai yi aiki da su ya ware wannan tun farko cikin lissafinsa, ko ya rage gida ɗaya ya raba kuɗinsa ga sauran. Kuma a ganina ƙaramin ƙunshi biyu sun fi babba ɗaya amfani, hatsi ya fi yawa a ciki kuma shi ne abincin mutane, kunu da fura da tuwo duk daga shi.

Na fidda kai shi ne inda suka fi rikicewa. Awon daidai ne, mudun Annabi 4 kowane kai, suna da mudun a shago kana tsaye ake aunawa. Matsalar sun ci gaba da karɓar kuɗin mutane har daren 29, adaidaita biyu kawai gare su, da aka ce an ga wata sai ga buhuna jibge a ƙofar shago ana ta kiran waya. Namu da asubar sallah ya fita. Ya isa kafin a tafi idi, to an sauke farali, amma hatsin da ya shigo gida da safiyar sallah yaushe za a surfa shi a wanke a kai niƙa, masu injin ma sun rufe sun tafi idi? Alhali dalilin fidda kai ke nan, kar mutum ya wayi gari ranar sallah yana tunanin abin da zai ci. Malamanmu na Malikiyya sun yarda a fitar kwana ɗaya ko biyu kafin sallah, to me zai hana shago ya rufe karɓa tun 27 ya yi rabonsa a natse. Shawarata fidda kai ka auna abinka ka kai da ƙafarka, ko ka biya su da wuri ka ce lallai ya fita kafin jajibiri.

Ɗinkin marayu jikka 7 ne yadi da ɗinki da takalmi. Yadin ba laifi, amma a goman ƙarshe suka kai wa tela, kuma kowa ya san tela a goman ƙarshe, ba a gwada yaran ba shekaru kawai aka faɗa masa ya yanka da ka. Yaro ɗaya wandonsa sai da aka naɗe sau biyu. Ya dai sa abinsa ya tafi kallon hawa ƙofar fadar Sarkin Damagaram da sauran yara, amma da tun farkon azumi aka kai da an auna kowa.

To wa zan ce ya je? Wanda ke nesa da gida, ko ma'aikacin da aka turo garin bai san kowa ba, ko wanda yake so hannunsa ya kai inda idonsa bai kai ba, wannan shago zai yi masa aiki kuma kayansa za su isa, wannan na gani da idona. In kuwa a layinku akwai gidan da ka san ba a ɗora tukunya, ba ka buƙatar resu da adaidaita, ɗauki tiya ka ba uwargida ta shiga da shi bayan isha. Ni zan koma wurinsu baɗi in Allah ya kai mu, da sharaɗina a rubuce tun ranar biya: ba hoto, ba takardar talla, a buɗe dabinon in gani, kuma tun satin farko na azumi.

Alhaji ya ce min da babbar sallah ma suna so su fara karɓar naman layya su raba wa gidajen da ke cikin kayen. Niyyar mai kyau ce amma nama ba hatsi ba ne, shagon ba shi da wurin sanyaya, ga zafi ga kuran da ke ɗaukewa, in suka yi masa irin jinkirin da suka yi wa fidda kai abin da za a kai wa mutane ba zai ciwu ba. Na ce masa ya nemi mahauta biyu su tsaya a kai, ko a raba a yinin ko a soya kafin a fita da shi, ya ce zai duba. Wannan dai ban sa kuɗina ba, zan bari su yi na farko in ga yadda aka kwashe.